Batir a Cinya, Jawabi a Aljihu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so (kuma Allah ya sani na so), da ranar da surukina ya yi walimar dawowa daga Makka. An yanka sa, an ce naman ya yi daɗi. Ni dai labari na ji, ko tsoka ɗaya ba ta shiga bakina ba.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Madarumfa. Shekara goma sha biyu ina koyar da fizik da shimi (ilimin sinadarai) a koleji, wato abincina shi ne in tsaya gaban allo in bayyana wa ƴaƴan mutane abin da asid yake yi wa duk abin da ya taɓa. Matata Rabi ƴar Gabi ce. Mahaifinta manomi ne na gero da gyaɗa, dattijo mai tsadar magana, wanda in ya ce maka "to" sau biyu a yini ɗaya, ka ci sa'a. Baba Alhaji muke kiransa yanzu. Surukansa maza mu biyu ne: ni, da Alhaji Sanusi mijin yayar Rabi, mai manyan motocin da ke jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa. Sanusi bai taɓa karanta wani abu da ya wuce takardar duwan, wato kwastan, ba, kuma ita ma ina kyautata zaton hatimin kawai yake dubawa. Amma in ya sauka a Gabi, darduma ake shimfiɗawa. Ni in na sauka sai ka ji an ce "Mushe ya zo", da irin muryar da ake cewa an kawo itace. (Mushe, daga faransanci, haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu.)

Shekara bakwai ina haɗiyar wannan. A bara na yanke shawara abin ya ishe ni, kuma hajjin tsohon ya ba ni dama. Na yi shiri biyu. Na farko, na sayi mota. Tsohuwa ce, ta girmi yawancin ɗalibaina, amma ƙafa huɗu gare ta kamar ta kowa. Na biyu, da dangi suka zauna tsara walima, na miƙe na ce jawabin maraba a madadin surukai ni zan yi, domin jawabi aikin masu ilimi ne. Sanusi ya gyara zaman tumbinsa ya ce, "Ba laihi, Mushe. Kai ka kawo magana, ni in kawo sa." Aka yi dariya. Ni ma na yi, irin ta wanda ya san tarihi zai rama masa. Abin da nake so bai da yawa: tsohon nan ya ɗaga kai sau ɗaya ya dube ni, a gaban jama'arsa, ya ga ashe ƴarsa mutum ta aura.

Mako uku ina rubuta jawabin. Shafi huɗu, da karin magana goma sha ɗaya (na ƙirga). Ita kuwa mota na aje ta ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, ina tattalinta kamar amarya, ba na fita da ita don kada laka ta taɓa ta kafin ranar. Kullum da la'asar sai in shiga in zauna, in kunna rediyo, inji a kashe, ina bitar jawabi ina kallon maƙwabta suna kallona. Kowane ɗan aji uku ya san abin da rediyo ke yi wa batir in inji ba ya aiki. Ni malaminsu ne, don haka na ɗauka dokar ba ta hau kaina ba.

Ana gobe walima (Rabi ta riga ta tafi Gabi taya girki) na murɗa makulli don gwaji. Motar ta yi ƙyaƙ, ta yi shiru, kamar wadda aka yi wa tambaya ba ta yi bita ba.

Ban firgita ba. Na ɗaga kapo, murfin inji, na kwance marufan batir guda shida, na leƙa, na ga ruwa ya ja baya. Na san ba a zuba wa batir ruwan rijiya, sai ruwan distile mai tsabta. To, da safiyar nan an yi ruwan sama, kuma ruwan sama distile ne na Ubangiji. Sai dai nawa na ɗebo shi ne daga baho ƙarƙashin indararo, bayan ya wanke rufin ɗaki da duk abin da tantabarun maƙwabcina suka bari a kai. Akwai layi a jikin batir mai nuna iyakar inda ruwa zai tsaya. Na gan shi. Na ɗauke shi shawara ce ga jahilai. Na cika kowane rami har baki, don ni ba marowaci ba ne, na ɗaura marufai, na ɗora a baro na tura wajen Ila.

Ila ɗan kawuna ne, wato taubashina, mai garaji da cajin batir kusa da tasha. Tun aji biyar aka sallame shi daga lakwal, kuma tun ranar yake ganin shi ya ci riba. Ya buɗe murfi ɗaya, ya leƙa, ya dube ni.

"Mushe Alli, wa ya cika wanga batir har wuya?"

"Wanda ya san abin da ke cikinsa," in ji ni.

"Ashe jakai sun fara sani. Ai in ya ji caji tafasa yake, ruwan ya taso. Ina zai tafi, aljihunka? Bari in zuƙe kaɗan."

"Kada ka taɓa. Na auna."

"Da mi ka auna?"

"Da ido."

Ya ce to, ido ya gode. Ya sassauta marufan, ya kai batir can ƙarshen rumfa inda iska ke wucewa, ya maƙala ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, sannan ya kunna na'ura. Ya kuma ɗaga murya ya ce wa mai shayin da ke gefe ya ja murhunsa baya, don iskar da batir ke fitarwa in ta haɗu da wuta, sai dai a je tabkin Madarumfa a tsinto mutum.

Na ce, "Sunanta idrojen."

Ya ce, "Ka gaishe ta."

Washegari na yi wanka na shiga sabuwar shadda ruwan bula, kaftani da wando, auduga zalla, ta sha guga har tana ƙara. Na kafa hula, na fesa turare, na ninke jawabi na sa a aljihun ƙirji. Mai hankali da ya fara ɗauko batir kafin ya yi ado. Ni na lissafa cewa in na yi ado tun farko na rage tafiya ɗaya. Na tare kabu-kabu, muka nufi garaji.

Na iske batir ya yi abin da Ila ya faɗa. Samansa jage-jage, har ya gangaro ta gefe.

"Ka ga aikin ido," in ji Ila. "Zauna. In kashe na'ura, in cire waya, ya huce. In ɗaure marufai, in wanke jikinsa da ruwan kanwa, in sa shi cikin akwati in kai maka da kaina. Rabin awa."

"Rabin awa? Ana jirana a Gabi."

"Sa suke jira, ba kai ba."

Wannan ta shige ni. Na ce masa kanwa ta miyar kuɓewa ce da awaki, kada ya kawo mini tsubbu cikin kimiyya. (Duk shekara nakan rubuta a allo cewa asid in ya haɗu da kishiyarsa ƙarfinsa mutuwa yake, kuma misalin farko da nake ba yara shi ne kanwa. Amma a allo da faransanci nake rubutawa, shi ya sa ban gane ta ba da ta fito daga bakin Ila.) Ya kashe na'ura yana girgiza kai. Ni na murɗa marufan da yatsa cikin gaggawa, ɗaya ya hau a karkace, na ce ya isa. Na sunkuci batir.

"Kak ka rungume shi, ba ɗiyarka ba ce!" in ji Ila. "Wallahi in ka ɗora shi bisa cinya, ka yi sallama da shaddar nan."

Shi ma mai kabu-kabu, dattijo ne mai furfura, ya ce in bari ya ɗaure shi a baya da roba, ni in biyo a ƙafa tunda ba nisa. Na dubi mutanen nan biyu, waɗanda in aka haɗa karatunsu bai kai na ɗalibina mafi daƙiƙanci ba, na yi musu murmushin tausayi. Na hau, na ɗora batir a cinya, na ce mu je.

Wanda ya san titunan unguwarmu da damina ya san rami ba ya ƙarewa sai dai ya miƙa ka ga ɗan'uwansa. A rami na uku na ji sanyi a cinya. A na shida sanyin ya gangara tsakanin ƙafafuwa ya taru a kan kujerar babur, daidai inda nake zaune. Kun san abin da na ce wa raina? Na ce ai ruwan saman da na zuba ne yake fitowa. Wato a tunanina ruwan ya shiga cikin asid ya zauna gefe guda, bai gaisa da kowa ba, yana jiran a buɗe ƙofa ya fita.

A gida na ɗaura batir yadda littafi ya ce, ja tukuna, baƙi daga baya. Na murɗa makulli, mota ta tashi da ruri. Na dubi jikina, gaba ya jiƙe, na shafa baya, nan ma haka. Da na tuɓe a lokacin na watsa ruwa, da labarin ya ƙare a nan. Amma wace shadda zan sa? Na ce rana za ta busar. Na sauke gilasai na kama hanyar Gabi, gero kore shar dama da hagu, iska tana kaɗawa. Kafin in yi rabin hanya shadda ta bushe ƙayau, ko tabo babu. Na yi dariya ni kaɗai a mota. Na ce da ƙarfi, "Ila, jahilci ciwo ne."

Ga abin da ke faruwa a lokacin, kuma tambaya ce da na taɓa sakawa a jarrabawa: ruwa ne ke bin iska, asid ba ya zuwa ko'ina. Yana nan cikin zare, kullum ƙara kauri yake, yana cin auduga a hankali ba tare da ya canza mata kama ba. Ƙaiƙayin da na fara ji kusa da Gabi kuwa, na ɗora wa mai guga laifi, na ce sitaci ya cika.

Na shiga gari na danna oda sau uku. Akuya ɗaya ta waiwayo. Jama'a duk suna wajen tukwane. Na aje motata kusa da ta Sanusi, ta zama kamar ɗan tsako kusa da jimina, na fito.

An kafa rumfa a ƙofar gida, tabarmi cike da dattawa, ga liman, ga Baba Alhaji a tsakiya cikin fararen kaya, gabansa dabino da ruwan zamzam. Mata sun yi cincirindo ta bakin zaure da bayan darni. Kowa ya san yadda suruki ke gaida suruki a wajenmu: ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka taho a rusune, ka durƙusa har ƙasa, kai a sunkuye. Ni kuwa da na zo nuna tarbiyya, sai na durƙusa fiye da yadda al'ada ta nema.

Ba ɓarrr na ji ba, irin ta yadi mai lafiya in ya yage. Wata ƴar ƙara ce mai ladabi, fus, kamar an taka busasshen ganye. Sai kuma iska mai daɗi ta baya. Na ce a raina, kai, Gabi akwai ni'ima.

"Baba, sannu da dawowa. An zo lafiya? Ya gajiyar hanya? Allah ya sa karɓaɓɓe ne."

"Amin," in ji shi. "To."

Duk wanda ke bayana ya gani. Wato rabin rumfa, da mata kaf. To amma wa zai faɗa? Nan gidan surukai ne. Surukuwa ba ta ko kama sunana, balle ta yi mini zancen abin da ke bayana. Dattawa suka shiga kallon tabarma kamar yau suka fara ganin kaba. Liman ya yi tari sau biyu. Kunya, wadda muke alfahari da ita a littattafai, ta ɗaure bakin mutum sama da ɗari, ta bar ni tsirara cikin girmamawa.

Mutum ɗaya ne ya motsa. Sanusi ya miƙe da sauri, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce, "Jama'a, a ba Mushe mikro. Lokacin jawabi ya yi."

Na tsaya a tsakiyar fili. Kuma da yake ni gogaggen malami ne, na san ba a ba wani ɓangaren aji baya na dogon lokaci, sai nake juyawa a hankali, gabas, kudu, yamma, arewa, don kowa ya samu rabonsa. Kowa kuwa ya samu. Wurin ya yi tsit, na ce magana ta ratsa su. Na hango Rabi ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa, na ce kukan alfahari ne. Na shiga shafi na biyu, inda na kwatanta Baba Alhaji da gawo mai ba da inuwa lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe.

A nan Kaka Cima ta fito. Ita ce mahaifiyar Baba Alhaji, kakar Rabi, tsohuwa mai sanda da haƙori uku. A duk faɗin gidan ita kaɗai al'ada ta ba izinin wasa da ni, mijinta take kirana.

"Maigida! Kai maigida!"

Na dakata da murmushi, na ɗauka guɗa za ta yi.

"Gara ta cinye ka, ko ɓeraye? Ashe ɗan ƙwallo na aura ba a gaya mini ba! Ku masu karatu, lamba nawa ce wagga bisa ɗuwawun mijina?"

"Tara ce, Kaka," in ji Sanusi, da ladabi.

Dole in yi bayani. A ciki na sa gajeren wando na roba, rawaya, wanda aka raba mana lokacin wasan ƙwallon malamai. Mai buga lamba, Allah ya saka masa, ya buga ta a baya, da girman faranti. Asid yana cin auduga, amma ba ruwansa da irin wannan yadin. Shi ma na koyar da shi. A ranar dai kimiyya ba ta yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba.

Na kai hannu baya, na ji santsi. Na cafko gaban kaftani don in ja in rufe, gaban ya biyo hannuna, ya marmashe kamar garin kuka. Na dubi ƙasa, gwiwoyina biyu suna kallona. Mikro yana bakina, lasifika tana kan bishiya, duk Gabi ta ji malamin shimi yana cewa, "Innalillahi, asid sulfurik!"

Dariyar da aka danne tun ɗazu ta fashe. Na yi niyyar ja da baya, mata ne a baya. Gaba surukina ne. Babu alƙiblar da ba ta da shaida. Sai na zauna daɓas a ƙasa, na rufe cinya da jawabi, shafi biyu kowace ƙafa.

Baba Alhaji bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Bai ɗaga kai ba ya ce wa ƙanensa, "A ɗauko jallabiya cikin akwati." Sanusi kuwa ya share hawaye, ya matso ya dubi abin da ya rage na shaddar, ya ce, "Ruwan batir ne. Ku yi maza da ruwa mai yawa, a jiƙa kanwa a ciki, a wanke mishi jiki kafin ya ci fata." Mutumin da nake ce wa hatimi kawai ya sani.

Bayan rumbu aka kai ni lulluɓe da zanen wata baiwar Allah. Rabi ce ke miƙo bokiti, ɗaya bayan ɗaya, a na huɗu ta jefo tambaya.

"Mushe, ba ka ji ƙaiƙayi ba?"

"Na ji."

"To mi ka ce?"

"Na ce sitaci ne."

Ta aje bokitin ta koma cikin gida. Na ji dariyar mata ta sake tashi sabuwa.

Cinyoyina sun yi ja kamar an shafa barkono, na yi mako guda ina tafiya irin ta ɗan kaciya. Jallabiya kuwa, Baba Alhaji gajere ne, ni dogo, ta tsaya mini a ƙwauri. A cikinta na zauna can ƙarshen tabarma na saurari Sanusi yana jawabin surukai. Ga shi dukansa: "Alhaji ya tahi, ya dawo lahiya. Allah shi karɓa. A ci abinci." Aka ce madalla, madalla. Har yau a Gabi ana cewa ba a taɓa jawabi mai ma'ana kamarsa ba.

Da la'asar na lallaɓa zan shiga mota, aka ce Baba yana kira. Na je na durƙusa, a hankali ƙwarai. A karo na farko cikin shekara bakwai ya ɗaga kai ya dube ni sosai, ido cikin ido, dattawa na zaune. Abin da na yi mako uku ina nema ke nan.

"Mushe."

"Na'am, Baba."

"An ce wanga ruwa da ya cinye ka, shi kake koya ma yara a lakwal."

"Shi ne, Baba."

Ya ɗauki dabino ɗaya ya miƙo mini.

"Allah shi taimaki yaran."

Dattawa suka ce amin, da zuciya ɗaya.

Na koyi abubuwa, ba zan ɓoye ba. Batir a tsaye ake ɗaukarsa, nesa da jiki, ruwansa iyakar layi, kuma abin da ya zubo daga cikinsa ba a jiran rana ta busar. Na kuma gane cewa asid ba ya tambayar takardar shaidar karatu kafin ya fara aiki. Amma babban darasin, wanda babu shi a manhaja, shi ne wannan: duk mai zuwa gidan surukai da shirin burgewa, ya zaɓi wandon ciki da natsuwa, don bai san ranar da shi ne zai yi jawabin ba.